Amsa daga Gadarif kan Adalcin Jarrabawar Shiga Jami'a

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, tambayarka ta iso gare ni, inda kake son sanin yadda mu Hausawan Sudan muke kallon jarrabawar shiga jami'a, ganin yadda ƙorafi kan JAMB ya yi yawa a wajenku, kuma ka ji cewa wasu jami'o'in Amurka sun daina neman sakamakon SAT, wato jarrabawar shiga jami'a ta can. Galibin mutanenmu ba sa goyon bayan a soke jarrabawa, ko da yake su ne suka fi kowa sanin inda take cutar da su, kuma dalilin wannan matsayi yana cikin tarihin zamanmu a ƙasar nan.

Mu a nan ba mu da jarrabawa biyu kamar yadda kuke da WAEC ko NECO sannan ga JAMB, balle a zo ga wadda jami'a ke sake yi wa ɗalibi bayan ya ci. Jarrabawa ɗaya ce ta kammala sakandare, wadda kowa ke kira Shahada Sudaniyya, ana rubuta darussa bakwai, huɗu daga ciki tilas ne ga kowa, wato Larabci da Ingilishi da lissafi da ilimin addini, sauran ukun kuwa sun danganta ga ɓangaren da ɗalibi ya bi, na kimiyya ko na adabi. Daga makin da ya samu ake fitar masa da nisba, kaso cikin ɗari, sai ya jera fannoni da jami'o'in da yake so, ofishin karɓar ɗalibai na ma'aikatar ilimi mai zurfi ya raba guraben bisa wanda ya fi nisba. Mai son likitanci a Jami'ar Khartoum sai ya haye 90 kafin ya sa rai. Ranar fitar sakamako ana karanta sunayen waɗanda suka yi fice a rediyo da talabijin, kuma a unguwanninmu guɗa ce ke sanar da maƙwabta gidan da aka dace.

Kakanninmu sun shigo ƙasar nan ta hanyar aikin Hajji da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka yo gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ke amsa sunansa. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yanzu Bahaushe kan je neman takardar zama ɗan ƙasa a tsare shi da tambayoyin asali waɗanda ba a yi wa wasu. A 2008 mutanenmu sun fita zanga-zanga a Gadarif da Kasala saboda maganar da wata jarida ta danganta wa shugaban ƙasa na lokacin cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, sannan rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya sake tayar da wannan miki. Al'ummar da take cikin irin wannan hali ta daɗe da lura cewa duk inda za a zauna a dubi fuskar yaro, a ji sunan kakansa, ko a nemi wasiƙar wani babba, ɗanta ne ake bari a baya, domin ba ta da uwa a gindin murhu. Takardar Shahada kuwa lamba ce a kanta, kuma malamin da ke duba ta bai san ko mai ita daga Mai Wurno ya fito ko daga wani babban gida na Omdurman ba. Likitoci da injiniyoyi da lauyoyin da muke alfahari da su ta wannan ƙofa suka shiga, kuma ba na jin da yawansu za su shiga da a ce hira ce ake yi da su.

Rashin adalcin yana faruwa ne tun kafin yaro ya zauna a ɗakin jarrabawa. Ka ɗauki ɗan manomi a ƙauyukan Gadarif: yankan riɗi yana kamawa wajen watan Oktoba, ana tsakiyar karatu, kuma riɗi ba ya jira, da zarar ƙwanson ya bushe sai ya tsage irin ya zube ƙasa, saboda haka kowane hannu na gidan gona yake tafiya. Yaro ya yi makonni ba ya aji, ya dawo ya tarar an wuce babi biyu ko uku na lissafi, ga shi kuma makarantarsa wataƙila malamin kimiyya ɗaya ne ke riƙe da darussa uku. Takwaransa na birni kuwa ana ɗaukar masa malamai na musamman da yamma, an saya masa tambayoyin shekarun baya, yana da lantarkin da zai yi bita da dare. Ga kuma batun harshe. Da Hausa yaronmu ke buɗe baki, Larabcin kasuwa yake tsinta a waje, sannan a tambaye shi nahawu da balaga da Larabcin littafi. Abin da ke ɗan rage masa nauyi shi ne makarantar allo, wadda ake kira khalwa a nan, domin wanda ya rubuta Alƙur'ani da tawada a allo hannunsa da kunnensa sun riga sun saba da Larabci mai kyau. A Ingilishi ne ba mu da irin wannan madogara, kuma nan ne nisbar yaranmu ta fi zubewa.

Hukuma ta san da wannan giɓi, shi ya sa ake ware wani kaso na gurabe ga 'yan jihohin da ke baya a ci gaba, wanda ya yi kama da tsarinku na kashi 45 bisa cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Wannan ina ganin gyara ne mai ma'ana. Wanda ba na iya karewa shi ne gurbin kuɗi, inda ɗalibin da nisbarsa ba ta kai ba zai shiga fanni ɗaya da wanda ya kai, muddin mahaifinsa zai biya. Jami'o'i na cewa da kuɗin ne suke gudanar da aiki, kuma akwai gaskiya a ciki, amma a idon iyayenmu wannan ya fi kowace tambaya mai wuya zama zalunci.

Game da Amurka, labarin da ka ji bai cika ba. Jami'o'i da yawa sun ajiye SAT a 2020 saboda annobar korona, kuma Jami'ar Kalifoniya ta daina duba ta gaba ɗaya, amma jami'ar MIT ta dawo da ita a 2022, jami'o'in Dartmouth da Harvard suka bi a 2024, kuma cikin hujjojin da aka bayar akwai cewa makin yana taimakawa wajen gano haziƙan 'ya'yan talakawa waɗanda makarantunsu ba su da suna.

Abin da ya fi damun mu yanzu shi ne yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Jarrabawar wannan shekara ba ta yiwu ba sai ƙarshen Disamban 2024, kuma an yi ta ne a yankunan da ke hannun soja da wasu cibiyoyi a ƙasashen waje, ɗalibai masu yawa a Darfur ba su samu zama ba sam. Bayan faɗuwar birnin Wad Madani na jihar Jazira a hannun dakarun da ke yaƙi da soja a Disamban 2023 da ta birnin Sinja a tsakiyar 2024, makarantun Gadarif sun cika da 'yan gudun hijira, har ajin da ake koyar da lissafi ya koma ɗakin kwanan iyalai. Yarinyar da ta baro littattafanta a Jazira ta zauna jarrabawa ɗaya da wadda ta yi bita a Alƙahira cikin kwanciyar hankali. Wasu dattawanmu na ganin a ƙara wa irin waɗannan yara maki, ni kuwa ina ganin duk ranar da aka fara taɓa maki da hannu, masu hanya ne za su fara cin moriyar abin. Abin da nake goyon baya shi ne a bar makin yadda yake, a faɗaɗa kason jihohin da yaƙi ya ɗaiɗaita na wasu shekaru, kuma a rage gurbin kuɗi a likitanci da injiniyanci har sai yaran da suka rasa zama sun samu nasu zagayen.