An kawo mini Leica mai ruwan zinare, an ce ta gwaji ce: in saya?

Tambaya: Malam, wani dillali ya kawo mini tsohuwar kyamara mai ruwan zinare, da sunan Leica a samanta. Ya ce tana cikin samfuran gwaji na farko, yana ta matsa mini in biya, har ina tunanin sayar da filina. Me ka gani?

Amsa: Don Allah kada ka taɓa filinka. Samfurin farko na kyamarar Leica da Oskar Barnack ya ƙera a kamfanin Leitz, a garin Wetzlar na Jamus, wajen 1914, ba ya yawo a hannun dillalai. Na gwajin da aka yi a 1923 kuwa 'yan ƙalilan ne, kowace da lambarta, kuma mai lamba 105 an sayar da ita a gwanjo a 2022 kan Yuro miliyan 14.4. Wannan labarin ne mayaudara suke ci da shi.

Na gaji da jin cewa ruwan zinare da zanen suna su ne shaidar asali. Tun 1934 Tarayyar Sobiyet ta fara kwaikwayon Leica da sunan FED, daga baya Zorki ta biyo, an yi su tuli, kuma su ne ake kankare wa suna, a goge su har tagullarsu ta fito tana ƙyalli, a zana Leica. Kyamarorin 1923 baƙaƙe ne. Gilashinsu na gaba, wato lens, Anastigmat mai milimita 50 wanda Max Berek ya tsara, a kafe yake, ba a murɗa shi a cire, domin sai a 1930 aka fara sauya gilashi. Ba su da na'urar auna nisa, wadda sai a 1932 ta zo. Labulen cikinsu mai tare wa fim haske ma ba ya rufe kansa yayin naɗe fim, dole mai ɗaukar hoto ya toshe gilashin da murfi, in ba haka ba haske ya ɓata fim.

Saboda haka murɗa gilashin taka. Idan ya fita, zance ya ƙare. Leƙa ramin da gilashin ya fita, ta ɓangaren sama: Leica ta ainihi mai auna nisa tana da 'yar ƙaramar taya zagayayya a wurin, ta Sobiyet kuwa ɗan ƙarfe ne marar juyawa. Ka mayar wa dillalin kayansa, ka kuma gargaɗi wanda zai kai wa bayanka.