PSA ɗina na ta hawa, ina jiran gwajin nama

Tambaya: Likita, PSA ɗina (awon jini na duba lafiyar furostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ya tashi daga 5 zuwa 7. Ina jiran a tsakuro ɗan nama daga furostet ɗina a gwada. Barci ya ƙaurace mini. (Mai karatu, Agege, Legas)

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka. In PSA yana tsakanin 4 da 10, yawanci ba a samun ciwon daji (kansa). Girman furostet na tsufa ko ciwon fitsari kan ɗaga shi. Kada ka yi ta yawon ɗakunan gwaji, awonsu kan bambanta. In za a sake awon PSA, ka ƙaurace wa iyali kwana 2 tukuna.

Kana shan asfirin ko warfarin, magungunan da ke tsinka jini? Sanar da likitanka yanzu, kada ka daina da kanka. Bayan an tsakuro naman, ɗan jini a fitsari ba abin tsoro ba ne. Amma zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya ƙi fita, garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.