Na'urar jin bugun zuciya mai zaren fiba: in saya ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce, ina da ɗan asibitin haihuwa a unguwarmu. Ƙanena ya ce an fito da na'ura mai zaren fiba, irin na intanet, wai tana jin bugun zuciya komai rauninsa. Na tara ɗan kuɗi. In neme ta, ko in sayi wadda aka saba? Daga wata ungozoma a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, amma ki riƙe kuɗinki tukuna.

Zaren gilashi ne, siririn gaske kamar gashin kai. Ana tura haske ta cikinsa, a manna shi a ƙirji ko a kan ciki. Duk sanda zuciya ta buga sai fata ta ɗan girgiza, zaren ya motsa, hasken da ke dawowa ya sauya, na'ura kuma ta mai da sauyin nan sauti. Da yake babu ƙarfe ko lantarki a ɓangaren da ke taɓa jiki, masu bincike suna son sa a ɗakin MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, inda maganaɗisun ke rikita wayoyi. A wata jami'a da ke Ostrava, ƙasar Czech, har a kan masu juna biyu an gwada shi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Zaren ba shi da tsada, akwatin da ke aika hasken ya karanta shi ne mai cin kuɗi. Kuma jin nasa ya yi yawa: numfashin uwa, bugun zuciyarta, har gogar zani duk yana kwasa, sai kwamfuta ta tace. Yawancinsu har yanzu a ɗakin bincike suke. In ta lalace, wa zai gyara miki a Gusau?

Ki sayi Doppler ta hannu, wato ƙaramar na'urar da ake ɗorawa a kan ciki don jin bugun zuciyar jariri. Daga kusan mako 12 tana kama bugun jariri, ta nuna miki lamba, kin kuma san 110 zuwa 160 a minti ake nema. Ki zaɓi mai batirin da ake samu a kowane shago, ki haɗa da man shafawarta. In kina sauraro, ɗayan hannunki ya kasance a wuyan hannun uwar, kada ki ƙirga nata a matsayin nasa.

Ƙahon Pinard ɗinki kuma, wanda ake kara wa cikin uwa a saurara da kunne, kada ki jefar. Tun 1895 ake aiki da shi, ko an ɗauke wuta ba ruwansa.