Tambayoyinku: Ina so in yi fim ɗin rawa, yayana ya hana

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Argungu. Ina kallon gajerun fina-finan rawa a intanet, babu magana ko ɗaya, jiki kaɗai ke ba da labarin macen da ta tsaya da ƙafarta. Ina so ni da ƙawayena mu yi namu da waya, amma yayana ya ce rawa a gaban kyamara zubar da mutunci ne. In haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haƙura, kada kuma ki yi watsi da maganar yayanki, don tsoronsa yana da tushe. Tun da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, Kebbi da wasu jihohi suka bi sahu, Kano kuma ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, babu abin da aka kai ruwa rana a kansa a fim ɗin Hausa kamar rawa da waƙa. In surutu ya tashi kuwa, a kan yarinyar yake sauka, mai riƙe da kyamara ya yi tafiyarsa.

To amma wace rawa kike nufi? Kada ki kwaikwayo ta wasu ƙasashe, taku tana tsakar gida. Dubi lugude: mata uku, turmi ɗaya, taɓare na sauka bi da bi, ɗaya ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, kiɗan bai karye ba. Dubi gaɗa, yadda yarinya ke sakin jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su tare ta su ɗaga ta sama. Wallahi ni ban san hoton 'yanci da ya kai wannan faɗuwar ba, domin ba ta sakin jiki sai ta tabbata akwai hannuwan da za su tare ta. Ga kuma mata masu gumin shinkafa, masu shiƙa da bakace, waɗanda da wannan motsin suke samun kuɗin kansu. Bikin kamun kifin garinku ya shiga kundin UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2016, duniya ta san maza da gora da homa a kogin Matan Fada. Yana mini ciwo yadda kyamarori ke wuce waɗannan mata masu lugude da shiƙa.

Ki zauna da yayanki ki faɗa masa abin da za ki ɗauka, ki sa Inna a maganar. In ya yarda, shi ma ya riƙe muku wayar.

Minti uku ya isa. Ki ɗauka da hantsi ko bayan La'asar, rana na bayanki. Ki jingina wayar kada ta yi rawa ita ma, ki matso kusa da hannuwa, ƙafafu da bakin zane. Kada ki ɗora waƙar wani, sautin taɓarya da tafi sun wadatar.

Sai babbar magana. Bidiyon da ya hau TikTok ko ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Ki nemi yardar kowace ƙawa da ta iyayenta, matar aure kuma a yi shawara da gidanta. Wadda ta ce a cire fuskarta, ko da kin gama haɗa fim ɗin, ki cire.