Shin mutanen Chile Larabawa ne ko Turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli wasan wata ƙungiyar ƙwallo ta Chile mai suna Palestino, na ga rigarsu da launukan tutar Falasɗinu. Shin mutanen ƙasar Larabawa ne Musulmi, ko kuwa Turawa ne? Kuma haka maƙwabtansu suke?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Mafi yawan mutanen Chile ruwa biyu ne: jikokin Sifaniyawa da 'yan asalin ƙasar da suka tarar. Jagoran mayaƙan Sifaniya Pedro de Valdivia ya kafa Santiago, babban birnin ƙasar, a 1541, kuma rundunar da ya zo da ita kusan duk maza ne, don haka daga matan ƙasar aka samu zuriyar farko. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa gadon Turai da na 'yan asali sun kusa yin kunnen doki a jikin yawancin mutanen, sai ɗan kaso kaɗan na Afirka.

'Yan asalin nan kuwa ba tarihi suka zama ba, suna nan da ransu. A ƙidayar 2017, kusan kashi 13 cikin ɗari sun ce su 'yan ƙabilun asali ne, mafi yawansu Mapuche. Labarin Mapuche ya cancanci a tsaya a kansa. Su ne suka kashe Valdivia da kansa a 1553, suka kuma hana Sifaniya zama daram a yankinsu na Araucanía da ke kudancin kogin Biobío har mulkin mallakarta ya ƙare. Gwamnatin Chile mai 'yancin kai ce ta ci su da yaƙi tsakanin 1861 da 1883, ta raba filayensu, wasu ma ta ba baƙin da ta gayyato daga Turai. Rikicin filaye da ake yi yau a yankin Araucanía daga nan ya samo tushe, kuma a ganina duk wanda ya kira Chile ƙasar Turawa kawai ya tauye wa waɗannan mutane haƙƙi.

Baƙi sun zo daga baya: Jamusawa a kudu wajen biranen Valdivia da Osorno, 'yan Kuroshiya a Punta Arenas, a 'yan shekarun nan kuma 'yan Venezuela da Haiti. Akwai kuma jikokin bayin Afirka a yankin Arica, waɗanda sai a 2019 doka ta amince da su a matsayin al'umma.

To, batun Falasɗinawa. Sun fara isowa tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Turkawa ke mulkin ƙasarsu, mafi yawa daga Baitalami da Beit Jala da Beit Sahour. Yau Chile ce ke da al'ummar Falasɗinawa mafi girma a wajen ƙasashen Larabawa, kuma su suka kafa ƙungiyar da ka gani a 1920. Amma akasarinsu Kiristoci ne, tun daga gida. Musulmi kaɗan ne ƙwarai: ƙidayar 2002 ba ta samu 3,000 ba. Suna da masallacin As-Salam a Santiago, da wani a Iquique, da kuma wanda Sarkin Maroko ya taimaka aka gina a Coquimbo.

A fannin addini, cocin Katolika ce ke kan gaba, sai dai tana ja da baya. A 2002 mabiyanta kashi 70 ne, a ƙidayar 2024 sun dawo wajen 54, yayin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke cewa ba shi da addini. Badaƙalar lalata da yara da ta taɓa wasu limaman cocin ta taimaka wajen wannan faɗuwa. Cocin Fentikostal kuwa ta yi ƙarfi a unguwannin talakawa.

Maƙwabta ba ɗaya suke ba. Ajantina ta karɓi miliyoyin Italiyawa da Sifaniyawa kafin yaƙin duniya na farko, shi ya sa kamannin Turai suka fi bayyana a can. Carlos Menem, shugabanta daga 1989 zuwa 1999, ɗan Siriyawa Musulmi ne da ya koma Katolika. A Bolibiya da Peru kuwa ƙabilun asali na Quechua da Aymara ke da yawa, suna magana da harsunansu, kuma Evo Morales, ɗan Aymara, ya hau mulkin Bolibiya a 2006.