Amsa kan tawadar da ke ɓarewa a jikin ledar shinkafa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce tambarin da kuke bugawa a ledar shinkafa a Argungu yana ɓarewa tun kaya ba su kai kasuwa ba, wani kuma ya ba ka shawarar harbin ayon, wato gyaran fuskar leda ta hanyar harba mata ƙananan ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki. Na daɗe a aikin buga leda kafin na dawo Birnin Kebbi, ga abin da na sani.

Ba lallai ne laifin tawada ba. Ɗiga ruwa a kan ledar ka duba ta gefe. In ya dunƙule kamar raɓa a ganyen gwaza, tawada ma ba za ta zauna ba. Ƙarfin kamun fuskar foli'etilin, wato robar da aka fi yin leda da ita, wajen 31 ne a ma'aunin da ake kira dain, alhali tawada tana son 38 zuwa sama.

Harbin ayon gaskiya ne, yana aiki. Ana sa robar a cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta kaf, a harbe ta da ayon na iskar argon, wani lokacin ana hura mata oksijin kaɗan. Harbin yana tsinka sarƙoƙin kabon na can sama, oksijin ya samu wurin maƙalewa, daga nan ruwa ya riƙa kwanciya shimfiɗe. 'Yan nanomita na fuskar kawai ake taɓawa, kaurin da ido ba ya iya gani, cikin robar yana nan yadda yake, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni. A kan Teflon, robar da ake shafa wa kasko don kada abinci ya maƙale, akan ma samu akasin haka: harbi mai yawa yana tayar da ƙananan tsinaye, ruwa ya ƙara gudun wurin.

Amma Alhaji, wannan ba kayan sana'arka ba ne. Zuƙe iskar kaɗai yana cin lokaci da wuta, ga tsada, ga neman mai gyara. Ya fi dacewa da ɗakin bincike da ƙananan kaya masu daraja.

Abin da kake bukata injin korona ne, wanda injiniya ɗan Denmak, Verner Eisby, ya ƙirƙiro a 1951. Leda tana bi ta ƙarƙashin tartsatsin lantarki a sararin iska, shi ma oksijin yake dasa mata. Sai dai a sa masa bututun fitar da iska, don iskar ozon da yake haifarwa tana cutar da ƙirjin ma'aikata.

Inda na fi zargi kuma shi ne ajiya. Gyaran, na korona ne ko na ayon, yana ja da baya. Sarƙoƙin suna juyewa ciki, maganin santsin da aka zuba wa ledar ya taso sama, zafi kuma yana gaggauta hakan. Na ga nadin leda da ya iso lafiya, ya kwana biyu a shagon kwano lokacin bazara, aka buga, farce kawai yana kankare rubutun.

Ka sayi biron gwajin dain mai lamba 38, ka ja layi a kowane nadi ranar bugu. In layin ya tsinke ya koma ɗige-ɗige cikin daƙiƙa 2, kada a ɗora shi a inji. A gwada fuska biyu, domin sau da yawa ɗaya kawai ake gyarawa.