Rigar ba ta ƙare ba, in je bikin ulu na Rhinebeck?

'Yar'uwa, kin ce saura hannu ɗaya a rigar sanyin da kike saƙawa, ga bikin tumaki da ulu na Rhinebeck, a jihar New York, ya matso. Don Allah ki je. A Oktoba ake yinsa, kuma mutane kan saƙa riga musamman don ranar, amma ba dole ba ne. Ki tafi da saƙarki a jaka.

Zaren ne damuwata. Idan naki ya kusa ƙarewa, ki riƙe guntunsa da takardarsa mai lambar rini, don ki sayi ƙari a bikin. Rinin hannu, tukunya biyu da wuya su ba da launi ɗaya, don haka ki gwada tsohon zaren da sabon a hasken rana kafin ki biya. In sun ɗan bambanta, ki riƙa yin layi biyu da tsohon, biyu da sabon.